Injiniyan da Ya Kori Rana daga Furfuri

Allah ya yi wa Zamfara gata da ya ba ta Injiniya Badamasi na Tudun Wada. Kada ku tambayi injiniyan mene ne. Kwana uku ya yi a wani taro a Abuja, ya dawo da jaka, da hular kwano, da ilimin da ya fi ƙarfin Gusau. A can ya ji wai Turawa na shirin fesa wani gari a sararin sama, ya riƙa mayar da hasken rana inda ya fito, duniya ta yi sanyi. 'Yan teburin mai shayi suka laƙaba masa Mai Korar Rana, bawan Allah ya buga sunan a katinsa.

Jirgin feshi dai babu, amma ai akwai fenti. Sai ya nufi Furfuri, garin kakanninsa, ana tsakiyar bazara. Rijiyoyi sun ƙafe, mutane da shanu duk sun dogara da burtsatse guda mai aiki da sola.

Ya hau bayan a-kori-kura ya gyara murya. "Jama'a, kimiyya ta tabbatar baƙi ke jawo zafi, fari ke korar sa. Duk abin da ke kallon sama a garin nan, yau sai ya koma fari!"

Aka shafe rumfunan kasuwa, aka shafe rumfar mahauta. Can idon Injiniya ya faɗa kan wasu faya-fayai baƙaƙe wuluk a gefen tankin ruwa, sun baje suna shan rana ba kunya. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Ga munafukan nan!" in ji shi. Da hannunsa mai albarka ya yi musu shafi biyu, da fenti mai mai, wanda ruwa ba ya wankewa.

Washegari, ranar ƙaddamarwa, famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Shanun Ardo Salisu suka kewaye busasshen kwamin shan ruwa suna kuka, jarkokin mata suka yi layi har bakin titi. Injiniya bai gani ba, yana can yana ceton duniya a lasifika, gumi har cikin takalmi. Da maƙogwaro ya bushe, ya miƙa hannu ko waiwaye babu.

"A ba ni ruwa."

Inna Tambaya, wadda tun hantsi take tsaye a layi, ta matso ta kifa bokitinta a gabansa. Ko ɗigo.

"Injiniya," ta ce, "rana dai ga ta nan bisa kanka, ko gusawa ba ta yi ba. Ruwan ne ka kora."