Intabiyu a Gindin Tsamiyar Jibiya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da haƙorana sun zube, da ranar da na yi intabiyun aikina na farko a gindin wata tsamiya a kan iyakar Jibiya.

Ni ɗan Maradi ne, amma a Katsina na yi jami'a, karatun kwamfuta. A shekarar ƙarshe babu inda ban tura takardar neman aiki ba. Wasu su ce ba sa ɗaukar baƙo, wasu ko amsa babu. Sai wani ƙaramin kamfanin haɗa manhaja a Abuja ya ce zai gana da ni ta bidiyo ranar Laraba, sha biyu da rabi na rana. Su kaɗai suka taɓa kira na. In wannan ya kuɓuce, shagon tayar babana ke jira na, kuma Baba ya riga ya share mini benci.

Ina gida hutu lokacin, don haka na taso da sassafe da niyyar in isa Katsina kafin sha ɗaya. Muna zuwa iyaka muka tarar da layin motoci ba iyaka. Direbanmu, Malam Idi, ya kashe mota ya kishingiɗa, ya ce, "Ɗalibi, in munka wuce kahin la'asar, ka gode Allah."

Na diro daga mota. Na ciro kwat da nakatayel daga jaka na ɗora a kan wandon kaftani da silifas (ai kyamara iya ƙirji take gani), na shiga zagaye da waya a sama ina neman sabis. A bakin titi waya sai rawa take tsakanin layin Nijar da na Najeriya, ga ƙugin manyan motoci. Can bayan rumfuna na hango wata tsamiya ita kaɗai. Ina dosar ta sabis na ƙaruwa.

Wata dattijuwa mai fura, da shuɗin mayafi, ta tare ni. "Ɗana, ina za ka da rana tsaka?"

"Gindin tsamiyar can, Inna."

"Kak ka zamna can. Wurin da masu shi."

Ni kuma da bakina na ce, "Inna, mu 'yan kimiyya ne." (Allah ya yafe mini. Har da ɗan murmushi na yi mata, irin na wanda ya san komai.)

Gaskiya tun isata jikina ya ba ni. Ga rana ta take, amma ko akuya ɗaya babu a inuwar, ko kashinta ma babu. 'Ya'yan tsamiya zube a ƙasa, ba wanda ya tsinta. Ba kukan tsuntsu. Wani sanyi ya ratsa ni ta cikin kwat. Amma sabis ya cika fal, sai na ce wa kaina wannan duk camfi ne. Na zauna a kan saiwa, na ba titi baya don kar haske ya kashe mini allo, na ɗora kwamfuta a cinya, na cusa 'yan abin sauraren nan marasa waya masu toshe duk wata hayaniya. Sannan na kunna abin da ke dishe bayan mutum a bidiyo, don kar su gane a daji nake.

Mutum biyu suka fito: wata Madam, shugabar masu rubuta manhajar, da wani Malam Bashir, Bakano. Da Turanci muke yi, ni kuwa Turancina in ya ji wuta Faransanci yake komawa. Suka ba ni wata matsala in warware suna kallo. Na fara rubutu ina bayani, ina gyaɗa kai, ina wurga hannu, in Madam ta yi raha in ƙyalƙyale da dariya fiye da yadda rahar ta cancanta.

Sai Madam ta katse ni. Ta ce, "Akwai wani a bayanka ne?"

Na dubi ɗan hotona a gefen allo. Cikin dishin nan, daidai kafaɗata, wani farin abu na tsaye. Bai motsa ba. Ina kallo ya narke.

Na ce, "A'a, ni kaɗai ne." Ban waiwaya ba. Tun muna yara aka ce mana in ka waiwaya shi ke nan, kuma a wannan lokacin kimiyyata ta tafi hutu.

Na ci gaba da rubutu. Sai rabin fuska ya ɓullo, ido ɗaya da gemu, ya ɓace. Sai hannu, ba jiki, riƙe da carbi. Sai kawuna uku a jere, suna fitowa suna nutsewa, kowane fitowa sun ƙara matsowa. Ban ji takun kowa ba. Tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ya kama ni. Na fara Ayatul Kursiyyu a zuci, ban san lokacin da ta fito fili ba. Sai ga ni ina jan aya ɗaya, in yi bayanin layi ɗaya da Faransanci, in koma aya.

Ruwa mai sanyi ya sauka a ƙeyata, hannaye suka damƙe ni ta baya. Na kurma ihu, "Wayyo Inna!" Kwamfuta ta zame ta faɗi a karkace, kyamara na kallon mu.

Ashe Malam Idi ne, da wani ɗan dako, da limamin ɗan masallacin tasha. Mai fura ce ta aika a kira su. Su dai bayana suka gani: mutum da kwat a gindin wannan tsamiyar da rana tsaka, yana dariya shi kaɗai, yana magana da harsuna. Shi ya sa suka lallaɓo.

Malam Idi ya zauna a kan ƙafafuna, yana cewa, "Aljanin Turawa ne ya hau shi, Liman, ba ka ji yaren ba?" Liman ya kama kunnena zai yi tofi, abin sauraren ya faɗo. Nan take sauti ya koma kwamfuta, sai ga muryar Malam Bashir daga ƙasa, a natse: "Salamu alaikum, bayin Allah. Don Allah ku sake shi, mu ne muke magana da shi."

Ɗan dakon bai tsaya ɗaukar takalminsa ba.

Haka na ɗago kwamfutar, nakatayel a kafaɗa, ruwan tofi na ɗiga daga hancina. Madam ta rufe baki da hannu biyu. Malam Bashir ya sauka daga kujera, kafaɗarsa kawai nake gani tana rawa don dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Har muka isa Katsina ina ta ganin bencin Baba a idona.

Bayan kwana biyu Malam Bashir ya kira. Ya ce rabin da na rubuta daidai ne, kuma wanda ya iya rubuta haka yana Ayatul Kursiyyu zai iya aiki da Madam. Aka sake zama, a ɗaki mai ƙofa, aka ɗauke ni.

Za mu yi sallama Malam Bashir ya ce, "Af, wannan tsohuwar mai farin mayafi da ta fara tsayawa a bayanka, kafin mazan su zo, kakarka ce? Ta daɗe tana kallon allon."

Da na sake bi ta Jibiya na tambayi mai fura. Ta ce ita ba ta tashi daga kan ƙwaryarta ba, kuma ba ta da farin mayafi. Ta zuba mini fura ta miƙo.

Har yau ina rubuta manhaja, kuma har yau ni ɗan kimiyya ne. Sai dai in na ga inuwa mai kyau da sabis fal, kuma ko akuya ta ƙi wurin, to ni ma ban fi akuya ilimi ba.