Rasuwar Gyare, Dogon Maɓallin Laftof Ɗina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da har yanzu ban sami inda zan sauke shi ba, ni Humaira, jikar Tamba masunci na Argungu, mazauniyar Gwadangaji a Birnin Kebbi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar dogon maɓallin nan na ƙasan kibod ɗin laftof ɗina, mai raba kalma da kalma, wanda a gidanmu aka fi sani da Gyare. Ya rasu bayan gajeruwar jinya, a hannun likitan da babu wanda ya kira shi.

Marigayin ya zo hannuna da shekarunsa, don laftof ɗin na gwanjo ne. Duk cikin 'yan'uwansa babu wanda ya kai shi shan duka, ga shi ko harafi ɗaya ba a rubuta masa a jiki ba, amma bai taɓa yin yaji ba. Aibinsa ɗaya, kuka. Ka taɓa shi ya ce ƙiiit, ka sake taɓawa ya ce ƙiiit. A ofis har kujera aka canza mini saboda shi. Na sha jan tsaki a kansa, ban ɓoye ba.

Wanda ya san darajarsa shi ne kakana, Tamba. Tsohon ya daɗe da rasa ganinsa. Ni kuma na ɗauki aniyar rubuta labarin rayuwarsa a gulbi, don haka duk Asabar nake shiga mota zuwa Argungu, in shimfiɗa tabarma a zaurensa. Abin da nake nema a gaskiya ɗaya ne. Mahaifina ya tafi a ruwa ina cikin tsumma, shekarar ambaliya, kuma su biyu ne kaɗai a jirgin, shi da Tamba. Mahaifina ɗan farinsa ne. Kun san alkunyar tsofaffinmu: ko sunansa bai taɓa kamawa ba, sai dai ya ce "yaron nan". In na tambaye shi, sai ya koma tsokana, ya ce amaryarsa ta zo da tambaya ba ta zo da goro ba.

To, ranar da ya fara jin kukan marigayin sai ya karkata kunne ya ce, "Wane gyare na cikin akwatin ga?" Na yi masa bayani. Ya yi kalma, na rubuta, maɓalli ya ce ƙiiit. Ya ƙara, ya sake amsawa. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce yau ya sami ɗan amshi mai ladabi, wanda ba ya katse babba. Daga ranar ba da ni yake magana ba. Fuskarsa ma wajen laftof yake juyawa. "Kana ji, Gyare?" Ƙiiit. Abin da ba zai iya faɗa wa ɗan Adam ba, ashe zai iya faɗa wa Gyare. Ya ba shi labarin gora da homar kamun kifi, da giwan ruwan da ya kusa karya masa kafaɗa, da yadda ya ga kakarmu a bakin gulbi tana wankin albasa. Sannu a hankali har muka iso shekarar ambaliya. Ya ce jirgi ya kife, ya ce ruwa ya raba su, ya ce yaron nan ya ɗago kai ya kira shi ya ce masa wata magana. Daidai nan aka kira sallar la'asar. Tsoho ya lalubi butarsa ya ce, "Mu aje nan, Gyare, sai wata Asabar."

Ciwon ajali ya fara ne da magana ɗaya da na yi a tsakar gida. Na ce wannan wurin da za mu shiga a labarin Kaka ba na ƙiiit-ƙiiit ba ne, ya kamata a yi wa maɓallin nan magani. Magana ce kawai, jama'a! Ashe Yaya Hammadu, ɗan kawuna, yana jina. Yaya Hammadu makanikin injin ban ruwa ne a fadamar Zauro, kuma a iliminsa duk abin da ke kuka a duniya mai yake nema. Na fita kasuwa na dawo na tarar ya ɗura wa marigayin baƙin mai da bakin sirinji, yana murmushi wai ya yi mini bazata. Kuka ya tsaya kam. Maɓalli ma ya tsaya, ya nutse ya ƙi tasowa. Da ya ga haka sai ya ce datti ne, ya ɓalle shi da sukundireba ya wanke shi da fetur kamar kafireto. 'Yan ƙafafun robar da ke riƙe da shi suka yi laushi suka kakkarye, sauran man ya gangara ƙarƙashin 'yan'uwansa. Ina ihu, yana ce mini, "Kwantar da hankalinki ƙanwata, shinkafa na tsotse komi." Ya ɗauki laftof ɗin ya cusa a buhun shanshera. Shanshera fa, da ƙaiƙayinta! Haba Yaya, ko fanfon Zauro aka yi wa haka ai sai ya kai ƙara.

An garzaya da majinyacin shagon Pelumi mai gyaran kwamfuta a cikin gari. Ya buɗe, ya zazzage ƙaiƙayi, ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa ya yi masa sabis?" A nan aka tabbatar da rasuwar. Sauran maɓallan duk sun bi shi, sai sabon kibod aka sa. Rubutuna yana nan lafiya, alhamdulillahi. Sabon kuwa shiru gare shi kamar an taka auduga.

Asabar na isa Argungu, na buɗe laftof. Tsoho ya gyara zama ya ce, "Kana ji, Gyare?" Na danna. Shiru. Ya sake kira. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Mi kinka yi mashi?" Na ce gyara aka yi, Kaka, amma komai yana shiga, ci gaba kawai. Ya ce shi ba ya magana da bango. Na ce to ni zan riƙa amsa maka. Ya ce, "Ke ɗiyatai ta, ɗiyar yaron nan." Na gwada ɗaukar muryarsa da waya, ya ƙi. Na koma wajen Pelumi na roƙe shi ya mayar mini da kukan, ya ce tun da ya buɗe shago ba a taɓa kawo masa wannan aikin ba, kuma bai san inda ake sayar da shi ba. Wallahi har da bakina na gwada, ina dannawa ina cewa ƙiiit, mace da girmana. Tsoho ya saurara ya ce, "Amarya, bari wahal da kanki."

Marigayin ya rasu ya bar allo mai tsaga a kusurwa, da caja naɗe da salatif, da batirin da shi ma yau ne ko gobe. Ya bar Yaya Hammadu, wanda har yanzu yake cewa man ne bai isa ba. Ya bar tsoho makaho da magana a baki, ya bar ni.

Za a ɗauki gawar daga Gwadangaji ranar Asabar da safe, tana naɗe a hankici cikin jakata, zuwa zauren Tamba a Argungu, inda za a yi zaman makoki. An yarda Yaya Hammadu ya halarta, amma za a caje aljihunsa a ƙofa. Masu zuwa gaisuwa kada su wahalar da kansu da abinci. Duk mai tsohon laftof ko kibod da dogon maɓallinsa ke kuka, don girman Allah kada ya gyara, ya ɗauko shi yadda yake ya zo da shi, mu gwada ko tsoho zai karɓe shi. Ba za a rufe marigayin ba sai an sami magajinsa. A taimaka a hanzarta, tarin Kaka ya ƙaru a 'yan kwanakin nan, ni kuma har yau ban san abin da mahaifina ya ce ba.