Igiyar Ruwan Inji a Gaban Surukaina

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata a tsakiyar teku ba, ranar da na tashi nuna wa surukina cewa aikina ma aiki ne.

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandaren ƙauye, gefen Minjibir. Surukina kuwa, Alhaji Sale, mutumin Zakirai ne, manomi kuma ɗan kasuwar gyaɗa, irin dattawan nan da ke auna namiji da kaushin tafin hannunsa. Shekara bakwai ina auren 'yarsa Rukayya, amma hirarmu ba ta taɓa wuce "ya iyali" da "ya damina" ba. An taɓa tsegunta mini cewa da wani abokinsa ya tambaye shi sana'ata, sai ya ce yaran mutane nake tarawa a rana ina hura musu usur. (Gaskiya ce, amma ai ba haka ake faɗinta ba.)

Bayan an gama girbi, yayan Rukayya, Nasiru, wanda ke aikin injiniya a Jidda, ya kira iyayensa Umara, ya haɗa da ni da ƙanwarsa. Da muka kammala ibada sai ya ce ya tanadar mana kwana uku a jirgin ruwa na shaƙatawa. Alhaji ya ce shi bai ga dalilin da mai hankali zai bar ƙasa ya je ya kwana a kan ruwa ba, amma Hajiya, surukata, ta lallashe shi.

Jirgin nan gari ne guda. Ga shaguna, ga wuraren cin abinci, ga mutane kala-kala suna yawo da kayan da a garinmu sai dai a banɗaki. Tun da muka shiga Alhaji ya riƙe carbinsa, ni kuma na riƙe bakina na kwana ɗaya tak. Washegari wajen karin kumallo bakin ya ƙwace. Na ba su labarin kududdufin bayan gidanmu, yadda nake ratsa shi a tsakiyar damina idan ya cika ya batse, da yadda na taɓa ceto akuyar maƙwabta daga ciki. (Akuyar da kanta ta fito, ni bayanta kawai na biyo.) Alhaji ya ce "to," ya ci gaba da shan shayinsa.

Bayan azahar Nasiru ya hau da mu can saman jirgin, ta baya. A nan na ga abin. Wani gangare ne shuɗi mai laushi, faɗinsa kamar ɗaki biyu, inji na feso ruwa daga ƙasa yana haurawa sama a guje, sai ka ce an haɗa injinan ban-ruwan fadama ashirin wuri guda. Mutum zai hau wani allo da bai fi murfin taga ba, ya tsaya a kan ruwan yana lilo, wai kwaikwayon masu hawan igiyar teku. An jera kujeru hawa-hawa a gefe domin 'yan kallo, kuma sun cika. Wata dattijuwar Baturiya, wadda na tabbata ta yi jika, ta hau tana murmushi, ta sauka lafiya.

Alhaji ya kalle ta, ya ce lallai wannan sai mai ƙashin ƙwarai. Wannan maganar ce ta kai ni. Na ce a raina, ga ranar da mai usur zai nuna kansa.

Rukayya ta riƙo gefen rigata, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Baban Ummi, don Allah ka zauna. Baba yana nan fa."

Na ce mata ai saboda Baba ɗin zan hau.

Na sauka ɗaki na sako riga mai gajeren hannu da wandon wasannina da ya wuce gwiwa, wanda nake fita fili da shi a makaranta. Ya kwana biyu a duniya, robar ƙugunsa ta saki, mazaginsa kuwa ya daɗe da ɓata wajen wanki. Ma'aikacin da ke kula da injin, wani dogon mutum da rana ta ƙona, ya ba ni takarda na sa hannu ban karanta ba. Ya ce kowa ya ɗaure wandonsa tamau, na gyaɗa kai. Ya ce sabon shiga a kwance yake farawa, rub da ciki, sai ya saba sannan ya durƙusa, sannan ya miƙe. Na yi masa bayani da Turancina na aji cewa ni malamin wannan fanni ne, kuma ba zan kwanta rub da ciki a gaban surukaina ba. Ya dube ni kamar yadda likitan dabbobi ke duban ragon da ya ci roba, ya ce shi ke nan.

Ya riƙe hannuwana, na ɗora ƙafafu a kan allon, ya ja ni a hankali zuwa bakin ruwan. Sai ya saki hannu ɗaya, sannan ɗayan. Jama'a, na tsaya. Wallahi na tsaya, kuma wannan ne abin da nake so tarihi ya riƙe. Na yi kamar numfashi biyu a tsaye, ruwa na gudu a ƙarƙashina, iska na kaɗa ni. Da na haƙura a nan da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma sai na juya wajen kujeru na ɗaga wa Alhaji hannu.

Ban san yadda aka yi ba, na dai ga tafin ƙafafuna a saitin rana. Ruwan ya ɗauke ni kamar buhun ƙaiƙayi, ya juya ni sau biyu, ya haura da ni gangaren ya maka ni da bangon sama. Na sha ruwa ta baki, na sha ta hanci. Da na dawo hayyacina na ji wani sanyi-sanyi a inda bai kamata ba. Na shafa, babu wando. Yana can gefe ya maƙale a ragar da ruwa ke zurarewa, yana kaɗawa kamar tutar makaranta. Abin da ya rage mini ɗan kamfai ne, shi ma ba zan yi rantsuwa a kan lafiyarsa ba.

Na duƙunƙune cikin kumfar ruwan ina fatan ta rufa mini asiri. Shi kuma ma'aikacin, don tausayi, sai ya kashe injin. Ruwan ya janye tas. Na rage ni kaɗai a saman gangare, a tsugune, na rungume allo a gabana kamar garkuwa. Sai Turawa suka ɗauki tafi. (Har yau ban gane ko yabo ne ko ta'aziyya ba.) Na saci kallon mutanena. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska baki ɗaya, kafaɗunta na rawa. Rukayya ta ƙura wa teku ido kamar ta yar da wani abu a ciki. Nasiru na riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo.

Sai na ga Alhaji ya miƙe. Na ce shi ke nan, tafiya zai yi ya nemi wanda zai rubuta takardar raba aure. Amma wajena ya nufo. Ya tako gangaren da takalminsa sau-ciki, a hankali, yana dafa bango, ya cire babbar rigarsa ta shadda ya lulluɓa mini.

"Tashi, Malam," ya ce. "Ruwan inji ne, bai san surukuta ba."

Haka na ratsa jama'a cikin babbar rigar surukina, tana jan ƙasa, ruwa na ɗiga, shi kuma yana biye da ni riƙe da jiƙaƙƙen wandona da yatsu biyu.

Na kulle kaina a ɗaki na ce zazzaɓi nake. Da safe aka ƙwanƙwasa, na buɗe, sai ga Alhaji da kofin shayi. Ya zauna a bakin gado, abin da bai taɓa yi ba, ya ba ni labarin ranar da ya je gaida mahaifin Hajiya a Tsanyawa yana saurayi. Ya ari keke don burga, ya saki hannu a ƙofar gidan, ya ƙare a cikin kwatami, tsohon na zaune a dakali yana kallo. Ya ce shekara arba'in ke nan bai faɗa wa kowa ba, kuma idan ya ji labarin a waje ya san inda ya fito. Muka yi dariya har shayin ya huce.

Nasiru ya rantse mutum ɗaya kawai ya tura wa bidiyon. Mutum ɗayan nan ya riga mu isa gida. Direban motar da muka shiga daga Kano ya yi ta kallona ta madubi, can ya tambaya ko ni ne. Ranar da na koma makaranta na ce wa ɗalibai su miƙe tsaye su daidaita jiki, layin baya gaba ɗaya suka kama ƙugun wandunansu.

Yanzu idan na je Zakirai, Alhaji kan sa a shimfiɗa mini tabarma kusa da tasa, mu yi ta hira har la'asar. Sai dai duk lokacin da zai miƙo mini butar alwala, sai ya ce, ba tare da ya ko murmusa ba, "A yi a hankali, Malam, da ruwa a ciki."

Abin da na koya bai da yawa. Idan wanda ya san aiki ya ce ka fara a kwance, ka kwanta da girmanka, domin ko ka ƙi ko ka so kwanciyar za ka yi, bambancin kawai ko da wando ko babu.