Rasuwar Solar Gidan Mahfuzu Mai Kilishi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da turke biyu da babu kowa a kansu, ni Inna Lauratu ta unguwar Yelwa a nan Garwa, nake sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da masu zuwa cajin waya kyauta, rasuwar Solar gidanmu. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, bayan doguwar jinya, tana da shekara biyu da wata biyar a duniya.

Marigayiya 'yar babban gida ce. Miliyan ɗaya da jika ɗari huɗu na sefa aka biya kafin ta yarda ta hau rufinmu, faranti shida da batir huɗu. Shanu uku gare ni a hannun makiyayi a Pitowa, su ne duk abin da na tara tun ina sayar da ƙosai. Ɗana Mahfuzu, mahauci, ya sayar da bijimai biyu ya cika kuɗin. Saura karsana ɗaya, ja, mai farin goshi. A riƙe wannan a zuci.

Wanda ya kawo ta, Norbert mai haɗa wuta, ya zauna a tabarmata da biro ya yi mini lissafi. Wai faktir ɗin wuta, wato takardar biyan kuɗin lantarki, jika ashirin da biyar duk wata, ya tafi. Ƙanƙarar da za a sayar, jika goma sha biyar. Shekara uku cif marigayiya ta biya kanta, a maido mini bijimaina har da na uku, daga nan sai ci kyauta shekara ashirin. Ni karatuna bai wuce aji uku ba, amma na lura a takardar nan babu damina, babu hadari, babu maƙwabciyar da za ta aiko karɓar ƙanƙara ta ce a rubuta. Na yi magana, aka ce tsofaffi ba su gane zamani.

A faɗi alherinta. Marigayiya ba ta da hayaniya. Iyakarta "huuum" a lungu, kamar mai ƙoshi. A zafin watan Afrilu, ran da aka ɗauke wutar unguwa kowa na fifita da murfin tukunya, fankarmu na juyawa. Surukata Adawiyya takan bar ƙofa a buɗe don masu wucewa su gani. Har mutanen da suka daina gaishe mu tun rabon gadon mijina suka tuna muna da zumunci, kowa da waya biyu a aljihu. Ba ta taɓa korar kowa ba. Ba ta kuma taɓa karɓar ko dala ba.

Ciwon ajalinta kuwa, tun da Mahfuzu yana gaya wa mutane a mahauta cewa kayan zamani ne ba su da ƙarko, bari in faɗa yadda aka yi. Wata rana ya hau rufi, ya dafa gilashin nan ya ji zafi rau, ga shi sumul, kare ba ya kaiwa, akuya ba ta kaiwa. Sai basira ta zo masa. Washegari ya shimfiɗa asabari a kan faranti huɗu, ya baje kilishi. Kafin azahar ya bushe ƙayau. Ya sauko yana washe baki, wai abu ɗaya aiki biyu. Tun daga ranar, daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da baiwar Allah take cin abincinta, a rufe take da nama. Labu, kwaɓin ƙuli da yaji da ake tsoma naman a ciki, ya narke ya manne, mai ya bi gilashi, shaho da hankaka suka mai da rufinmu kasuwa, suna barin abin da suke bari. A ƙasa kuma firiza na tsotsar ta ba dare ba rana. Da batir suka fara ƙishi, ruwan randa aka ɗura musu, don na kanti wai tsada.

Ta fara da tari, "tit... tit...". Daga baya ya zama "tit-tit-tit" tun kafin a gama tuwo. Ranar Talata ta ja "ƙiiii" guda ɗaya mai tsawo, jar fitilarta ta lumshe. Norbert ya zo ya duba, ya sunsuna farantin, ya tambaya ko a nan ake suya. Garanti kuma ya riga ta rasuwa da wata biyar.

Ta bar faranti shida masu ƙamshin yaji, da fanka biyu marayu, da firiza wadda yanzu Adawiyya ke ajiye atamfofi a ciki, da faktir ɗin wuta da ya dawo gida lafiya, har ya yi ƙiba. Ta bar takardar lissafi a ƙarƙashin katifata. Ko kofaton bijimi ba ta bari ba.

Za a ɗauki gawar batir huɗu ranar Alhamis da hantsi, a amalanke, zuwa wajen masu sayen tsohon ƙarfe, inda za a auna su a sikeli. Zaman makoki a zaure ne, kowa ya zo da maficinsa. Ruwa ɗumi ne, kada a yi ƙorafi. Mai zuwa ta'aziyya ya bar cajarsa a gida.

An ce Norbert zai halarta, tare da hoton ƙanwar marigayiya, wata wai ita litiyom, batir ɗin zamani, jika ɗari bakwai kacal, wadda za ta biya kanta cikin shekara biyu. An kuma ga Mahfuzu jiya a tasha yana tambayar kuɗin motar Pitowa. Don haka, cikin alhini, nake rage masa wahalar hanya: karsanar nan ta hau mota tun ranar Lahadi. Garin da ta sauka, ni da makiyayi muka sani, shi kuma na biya shi ya manta.

Mai makoki,
Inna Lauratu, Yelwa.