Jinyar Magen Suruka

Ranar wata Laraba ce, bayan la'asar, Hajiya Dudu ta yi sallama a gidan 'yarta Kubura a Funtuwa, tana riƙe da kwando, magenta Gimbiya a ciki. Mijin Kubura, Malam Sha'aibu, wanda ya raɗa wa kansa suna Barde, yana tsakar gida yana shan iska. Shi fa Barde ba a kawo zancen dabba a gabansa a tashi da wuri. Ka ce kare, ya yi kiwon na farauta. Ka ce kura, ya taɓa kallon wata ido cikin ido har ta sunkuyar da kai ta ba shi hanya. Duk garin nan mutum ɗaya ce ba ta taɓa gyaɗa kai in yana magana ba, wato surukarsa. Abin yana ci masa rai.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Hajiya ta amsa, ta juya wajen 'yarta.

"Kubura, biki ya taso mini a Gusau, ga shi gobe ne likitar dabbobi za ta yi wa Gimbiya aiki, a tsayar mata da haihuwar nan. Na gaji da bin gida-gida ina rabon 'ya'yan mage. Ta ce daga isha kada a ba ta komai, a kulle ta a ɗaki, da safe a kai ta."

Barde ya yi caraf. "Hajiya, ku bar wannan a hannuna. Mage kuma? Ni da na..."

"Malam, ɗaki aka ce. A kulle."

"An gama, Hajiya."

Fitar Hajiya ke da wuya, Kubura ta ɗauki kwando ta nufi sito.

"Ajiye nan!" in ji Barde. "Wanda bai san dabba ba shi ke kulle ta. Tsaya ki ga aiki."

Ya buɗe kwandon, ya kaɗa yatsu. "Mus, mus!" Gimbiya ta fito da tumbinta, ta dube shi, ta yi hamma. Sai fit! Ta haye katanga, ta dira waje.

"Maigida!"

"Zagaye ta tafi. Yanzu za ki ga ta dawo."

Gari ya waye babu mage babu dalilinta. Barde ya naɗe buhu a hammata, ya ce wa Kubura ai magen tana zaure tana jiransa. Ya je gidan Hajiya, ƙaton kwaɗo a ƙofa. Ya yi mus-mus har bakinsa ya bushe. Can ya biyo ta bayan rumfar masu suyar kifi, sai ga wata mage fara mai ɗigon baƙi, kusan launin Gimbiya, sai dai ramammiya, idanu kamar garwashi. Ya ce a ransa, mage ai mage ce. Ya jefa mata kan kifi, kafin ta kai baki ya rufa mata buhu. Kici-kici, fuuu, wayyo Allah! Da ƙyar ya ɗaure bakin buhun, hannun rigarsa ya zama tsumma.

A asibiti likita ta leƙa buhun, ta ɗago kai.

"Wannan ce ta Hajiya? Ta ce mini mai ƙiba ce, mai sanyin hali."

"Yunwar jiya ce ta zabge ta, Likita. Kin san dabba."

Aka yi aiki lafiya. Likita ta maƙala wa magen wata roba mai kama da mazurari a wuya don kada ta lashi ɗinkin, ta ba shi magani. Ta ce a ajiye ta wuri mai tsabta, babu hayaniya, babu tsalle.

Babu hayaniyar nan ita Barde ya riƙe gam. Ya sa mage a sito, ya danna kwaɗo, makulli a aljihu. Kubura ta ce bari ta leƙa ta yi mata sannu, ya ce likita ta hana, mutum ɗaya aka yarda ya shiga, shi ma sai gwani.

Safe da yamma gwani zai shiga da kifi da ƙwayar magani. Sai ka ji kwanuka ƙwararam, buhun masara tim, sannan muryar Barde ƙasa-ƙasa: "Haba baiwar Allah, don girman Allah!" Ya fito da sabon zane a goshi.

"Maigida, Gimbiyar da yara ke goyawa ce ta yi maka haka?"

"Allurar barci ce ba ta sake ta ba."

A majalisa kuwa labari ya sha bamban. Shi ya nuna wa likita inda za ta tsaga. Zanen fuskarsa kuma wai wasa ne irin na sabo, mage ba ta yi wa baƙo haka.

Ranar Juma'ar sama Hajiya ta dawo. Ta shigo da wani kwando lulluɓe da zane, ta ajiye a gefenta, ta zauna a tabarma. Barde ya durƙusa, yana ta murna an kawo masa tsaraba.

"Malam, yaya mai jiki?"

"Alhamdu lillahi, Hajiya. Ɗinki ya kama. Ba don ni ba da an sha wuya."

"Ta gane ka kuwa?"

"Gane ni? Ai in ta ji takuna kuka take. A tafin hannuna take shan magani."

Hajiya ta gyaɗa kai. Karon farko ke nan a tarihin auren. Barde ya ji kansa ya kumbura, ya gyara zama zai shiga labarin kura. Sai wata siririyar murya ta fito daga cikin kwandon: miii. Wata ta amsa.

Hajiya ta yaye zanen. Ga Gimbiya kwance shame-shame, jarirai na tsotso.

"A kan sabon leshina na same ta, ta shiga ta taga ta haihu," in ji Hajiya. "To Malam, ita wadda ke kuka in ta ji takunka, 'yar gidan wa ce?"

Kubura ta miƙa hannu, Barde ya zaro makulli ya ba ta. Tana buɗe sito, abu ya fito a guje da mazurari a wuya, ya bi ta kan kafaɗar Barde, ya tafi da hularsa, ya haye kujerarsa ta tsakar gida yana huci.

Hajiya ta daɗe tana kallon magen, sannan ta dubi surukinta.

"Sannu da jinya, Malam. Allah ya ba da lada."

Ta ɗauki kwandonta ta tafi. Ɗayar kuwa, da aka warware mata ɗinki, ta ƙi komawa wajen masu kifi. A kan kujerar Barde take wuni, shi kuma yana zama a tabarma.