Yallaɓai Mai Duba Ɗaki Da Bokitin Bi Mwanaidi

Jama'a, yau Asabar na fito alwala na tarar da gajeren wandon gwamnati a kan igiyar shanyata. Fari ne mai ɗigo-ɗigo, yana kaɗawa tsakanin zanen matata da rigata ta Juma'a kamar tuta. Na ajiye buta na sara masa, don ni mutum ne mai girmama hukuma ko a wace siffa ta zo.

Ku zauna ku ji yadda ya iso nan.

Ni Kibwana Mhina, dako na yi a bakin tekun Tanga har bayana ya lanƙwashe. Bara na sayar da 'yar gonar kwakwar da na gada, na gina ɗaki ɗaya tal a bayan gida: siminti, kwano sabo, taga mai raga saboda sauro. Ba ni da wata gonar, ba ni da wani bayan. Niyyata in sa ɗan haya, ni da matata Bi Mwanaidi (a nan "Bi" ake kiran babbar mace da shi) mu riƙa shan shayi da madara, mu huta da shan shayi da haƙuri.

Maƙwabcina Shemdoe, wanda ya tsufa a harkar haya, ya leƙo ta katanga ya yi min huɗuba.

"Kibwana, ka shiga uku. Akwai mai soya kifi a kan gado. Akwai wanda zai ce shi kaɗai ne, ka wayi gari ka ga takalma sun cika ƙofa kamar masallaci. Akwai mai buga ƙusa har bango ya koma rariya."

Duk ya lissafa min su. Bai ambaci gwamnati ba.

Allah ya kawo min mutuniyar kirki, Malama Anjelina Mbwambo, wadda aka yi wa canjin makaranta daga garin Lushoto. Ta ƙwanƙwasa bango, ta buɗe taga, ta ce, "Baba, ya yi min. Amma ranar Lahadin da za a koma makaranta washegari zan sauko da kayana. In ɗakin bai samu ba, Mzee Shemdoe ya ce yana da wani."

Ashe mai huɗubar tawa ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa.

(Mzee, wato dattijo a yarenmu.) Sai aka yi shela cewa ba a sa kowa a sabon ɗaki sai Mai Duba Lafiyar Ɗakunan Haya ya buga masa hatimi. Madalla da wannan hangen nesa! Kwata ta toshe, famfo sai tari yake babu ruwa, amma manyanmu ba sa barci saboda lafiyar ɗakina. Na je ofis. Aka ce motar aiki tana layin mai tun kafin azumi, direban ma har ya yi abokai a can. Na ɗauko Yallaɓai Mai Duba a kan acaɓa, ni na bi su a ƙafa.

Yallaɓai mutum ne mai cika ido, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki da sallama. Ya shinshina kusurwa, ya daddana bango da yatsa kamar mai sayen gwanda.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ka gani?"

Ya ce, "Mzee, ɗaki ba a gane shi a tsaye. Ɗan haya kwanciya zai yi. Kawo tabarma."

Na kawo. Ya kwanta bayan azahar, bai tashi ba sai da ƙamshin shinkafa da kwakwa ya taso daga madafa. Ya ce wajibi ne a gwada ko ɗakin yana karɓar cin abinci. Ya karɓa, har kwano biyu.

Washegari ya dawo da katifa. Jibi da rediyo.

"Yallaɓai, hatimin fa?"

"Ban ga yadda kwanon yake da ruwan sama ba."

Muka jira ruwa. Aka yi ruwa har agwagin Shemdoe suka shigo mana iyo.

"Yallaɓai, ko ɗigo bai zuba ba."

"Wannan ai yayyafi ne, Mzee. Kana so in buga hatimi a kan yayyafi? In kwano ya faɗo wa 'yar mutane, ni za a tambaya."

Kun ga tsoron Allah ko? Ina ma a samu irinsa a wajen masu gyaran hanya.

Ni dattijo ne, ba na korar baƙo da baki. Sai na shiga jifansa da karin magana, safe da yamma, irin masu kaifin da ko jaki aka yi wa sai ya tattara kunnuwansa ya tafi. Kowace na jefa sai ya tafa hannu ya ce, "Kai! Hikima tana wurin tsofaffi. Ƙaro wata, Mzee." Sai da buhuna ya ƙare ƙaf. Shi ya sa yau ba ku ji ko ɗaya a bakina ba, duk ya cinye su haɗe da ugali, tuwon masararmu.

Na koma ofis kai ƙara. Wata yarinya mai jan farce ta ce, "Baba, ƙorafin unguwarku sai a hannun jami'in unguwarku."

"Ina yake?"

"Ya fita aikin duba ɗaki."

"Ɗakin nawa ne, 'yata!"

"To ai ka fi mu kusa da shi."

Na dawo gida na tsaya a taga na kai wa Yallaɓai ƙarar Yallaɓai. Ya rage muryar rediyo, ya saurare ni da kyau, ya girgiza kai don tausayi. Ya ce, "Abin da aka yi maka bai dace ba. Amma ba a karɓar ƙara ta taga. Ka same ni a ofis."

"Yaushe za ka je ofis?"

"In na gama duba ɗakin nan."

Shemdoe ya sake leƙowa, fuskarsa cike da alhini, idonsa cike da murna. "Yi masa irin tamu. Cire kwano, rana ta kore shi."

Na jingina tsani, na hau da guduma da wannan bayan nawa. Sai murya ta fito daga ciki: "Cire, Mzee, cire. Ɗaki marar rufi sabon ɗaki ne. Sai mu faro bincike daga farko."

Na sauko a hankali.

To, ga mu yau Asabar, gobe Lahadi. Malama Anjelina ta aiko cewa ta ɗaure kaya. Ina tsaye gaban wandon nan da Yallaɓai ya shanya ina tunanin bishiyoyin kwakwata da suka koma masaukin gwamnati kyauta, sai Bi Mwanaidi ta wuce ni da bokiti da guntuwar tsintsiya da garin sabulu. Tun zuwan mutumin nan dafawa kawai take tana kallo. Ta dire bokitin a ƙofar Yallaɓai, ƙwal!

Kowa a garin nan ya san ma'anar bokiti a ƙofa. Duk gidan da ake tarayya a banɗaki ɗaya, wanki zagayawa yake, kowa da ranarsa. Liman ya wanke, ɗan sanda ya wanke, ba a aike, ba a saya.

Yallaɓai ya buɗe ƙofa da tawul a wuya. "Mama, wani ya manta bokiti."

"Ba a manta ba, ɗana. Yau ranarka ce."

"Ranar me?"

"Ni na wanke, tsohon nan da bayansa ya wanke. Ta zagayo."

Ya yi dariya, tumbi ya taya shi. "Mama, ni fa babban ma'aikaci ne."

"Banɗakin bai sani ba. Kullum kana shiga kamar kowa, ka kuma fi kowa daɗewa."

Ban san wa ya kai labari ba, amma kafin ya rufe baki matan layinmu sun cika tsakar gida. Mai mandazi, wato fanken garinmu, ta zo da tirenta ta hau ciniki. Shemdoe ya hau turmi don ya fi gani da kyau ta katanga.

Wata ta ce, "A bi kusurwa da kyau, Yallaɓai, can zarnin yake maƙalewa!"

Wata ta ce, "Ku ba shi zane ya ɗaura, kada wandon ofis ya jiƙe!"

Ya dube ni. "Mzee, ka yi wa iyalinka magana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a karɓar ƙara a tsakar gida. Ka same ni a ofis."

Bi Mwanaidi ta riƙe ƙugu. "Abu biyu ne, ɗana. In ɗan gida ne kai, ga tsintsiya. In ma'aikaci ne, ga ɗaki, buga abinka ka kama hanya."

Ya dubi tsintsiya. Ya dubi mata. Ya sake duban tsintsiya. Sai ga hatimi ya fito daga ƙarƙashin matashin kai, inda yake kwance tun ranar farko.

"Takardar bugawa ta ƙare a ofis," in ji shi, da 'yar muryar da ta rage.

"Buga a bango," in ji ta.

Ya huhhura hatimi, ya danna a jikin bango daidai saman ƙofa. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya naɗe katifa, ya rungumi rediyo, ya tsayar da acaɓa da kansa, ashe ya iya. Da zai hau ya juyo ya ce, "Ɗaki kawai na duba. Banɗaki sashen wani ne, zai zo."

Bi Mwanaidi ta ce, "Ka ce masa yana zuwa ranarsa ce." Ta ɗauki bokitin ta ajiye a bakin ƙofar gida, inda duk mai shigowa zai yi tuntuɓe da shi.

Gobe Malama Anjelina za ta tare. Shemdoe ya sauka daga turmi bai yi min barka ba. Na kafa wa hatimin da ke bango 'yar rumfa da guntun kwano kada ruwa ya wanke shi, don na san abin da zai biyo baya.

Saura wandon. Yana nan yana kaɗawa. Kayan gwamnati ne, ba na taɓa shi ba da izini ba. Wanda ya san ofishin da ake mayar da shi ya gaya min. In kuwa sai an turo mai dubawa, ku rufa min asiri ku yi shiru, igiyar ma na bar musu.