Ranar da Rikoda Ta Ci Kaset Ɗina a Bungudu

Ba zan taɓa mantawa da bikin abokina a Bungudu ba, jim kaɗan bayan an ba mu jihar Zamfara. Lokacin ina koyarwa a Gusau, ina tara gashi, ina kuma ganin duk garin babu wayayye kamata.

Dukiyata a duniya kaset ɗaya ce. Wani malaminmu na jami'a, baƙar fata ɗan Amurka, shi ya ba ni ita da zai koma gida. Kiɗan jaz ne, irin wanda ba a ɗaure shi da tsari: mai busa ya bi son ransa, mai ganga ya bi nasa. Malamin ya ce addu'a ce ta jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu, suna neman hanyar gida da ƙaho. Na haddace bayanin nan tsaf (kiɗan kuwa, tsakanina da Allah, ban taɓa gane inda ya dosa ba).

A wajen bikin akwai Baba Tanko, tsohon mai busa algaita, mahaifin Hadiza da nake nema. Ya sha faɗa cewa ɗan boko baki ne kawai. Na ce yau zan wanke kaina.

Bayan la'asar, dattawa na zaune a gindin durumi, na aro rikodar ango na saka kaset. Na yi jawabi kan bauta da teku da asali. Busa ta fara. Can sai sautin ya lanƙwashe, ya koma wani irin gurnani mai jan rai. Na lumshe ido, na ɗaga hannu.

"Kun ji ko? Nan ne zuciyar abin. Kukan kakanninmu ke nan a cikin jirgin ruwa!"

Sai na ji Baba Tanko ya yi gyaran murya.

"Malam, buɗe idonka. Rikodar ga cin zarenka takai."

Na buɗe. Zaren kaset ya cika ɗan gilashin rikodar, ya cukurkuɗe kamar taliya. Dattawa suka yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba bai yi dariya ba. Ya zare zaren a hankali, ya karɓi birona ya naɗe shi, ya sake kunnawa. Ya saurara har ƙarshe, yatsunsa na motsi a gwiwa kamar suna toshe ramukan algaita.

"Wanga mutum ya iya numfashi," in ji shi. "Kiran wani shikai, ba a amsa mai ba. In ka bar surutu, kai ma ka ji."

Ranar na fara jin kaset ɗin da na shekara uku ina yi wa mutane bayaninta. Hadiza dai ya ba ni, amma har ya rasu, in na ɗauko dogon zance sai ya ce, "A duba rikoda." Ina kewar tsohon nan ƙwarai.

Yanzu idan na ji abin da ya fi ƙarfina, shiru nake yi tukuna. Ba kowane kuka ne na kakanni ba, wani na inji ne.